Fulas Ba Ya Cewa Ban Gane Ba

Mijina mai rubuta manhajar kwamfuta ne, kuma na daɗe da daina yi wa dangi bayanin abin da hakan ke nufi. In na ce aikin kwamfuta yake yi, sai a aiko masa da waya mai fasasshen gilashi ya gyara. In na ce ba gyara yake ba, rubutu yake, sai a ce ashe akawu ne. Wata gwaggona ta taɓa leƙa ɗakinsa ta same shi ya jingina da kujera, ya harɗe hannuwa a ƙeya yana kallon silin. Ta ja ni gefe ta ce, "Ki yi haƙuri 'yar nan, Allah zai kawo masa aiki." A lokacin nan kuwa aikin yake yi ba ji ba gani.

Mahaifiyarsa ta ce tun yana ƙarami ba a aikensa cikin daɗin rai. In aka ce je ka sayo sabulu, sai ya tsaya a bakin ƙofa da tambayoyi. In babu fa? In mai shagon ya fita fa? In akwai amma ƙarami ne fa? Kafin a gama ba shi amsa wanki ya yi tsami a baho. Da ya girma sai ya tarar akwai sana'a sukutum da ake biyan mutum don ya zauna yana tambayar "in kaza ya faru fa", ya shige ta bai ko waiwayo ba. Ranar da ya zo neman aurena ma da tambaya ya fara. Ya ce, "In na ce ina sonki, kika ce a'a, za mu ci gaba da gaisawa?" Na ce ya fara faɗa tukuna mu gani.

Ba mai magana ba ne. In baƙi suka zo, gaisuwa ce da murmushi, sauran aikin ya bar mini. Shi ya sa hankalina ya tashi ranar da na dawo daga makarantar da nake koyarwa, muna sababbin aure, na jiyo muryarsa a ɗaki yana zuba kamar rediyo. Na laɓe a bakin ƙofa. Babu kowa a ciki sai shi da wani koren fulas ɗin shayi da aka ba mu lokacin biki, mai loɓawa a gefe ɗaya. Ya ajiye shi a kan tebur, ya juyo da kujera yana fuskantarsa, yana yi masa bayani har da nuni da hannu.

Da na tsare shi ya ce in kwantar da hankalina, mutanensu da yawa haka suke yi. Wai in matsala ta cije, ka zauna ka faɗe ta da baki daki-daki, sai kunnenka ya jiyo inda ƙwaƙwalwarka ta yi tsallake. Abin da ake bukata kawai wani ya zauna shiru a gabanka. Wani na da 'yar tsana, wani kwalbar ruwa, shi Allah ya haɗa jininsa da fulas. A ofishinsu ma Mai Fulas suke kiransa.

Na ce ai ga ni, me zai sa mutum da matarsa ya riƙa hira da kayan kicin? Muka gwada. Ba mu yi nisa ba, don ni malamar firamare ce, ban iya jin mutum cikin matsala in yi shiru ba. Ya fara ke nan na ce ya kashe kwamfutar ya sake kunnawa. Ya ci gaba, na ce ko ya kira wanda ya fi shi sani. Ya dube ni cikin ladabi ya ce ya gode, ya tashi ya ɗauko fulas ɗinsa. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Amma na lura fulas ɗin bai taɓa katse shi ba, ni kuwa na katse shi tun kafin ya ja numfashi na biyu.

Haka muka yi shekaru. Yara suka zo, suka taso suna ganin babansu yana lallashin fulas, ba su ɗauke shi bakin komai ba.

Sai Baba ya rasu, Inna ta koma gidan Yayana. Gida ne babba, an ba ta ɗaki a can baya, da na'urar sanyi da talabijin mai faɗi. Ba a rage ta da komai ba. Da safe kowa zai leƙo ya ce an tashi lafiya, da yamma kowa zai leƙo ya ce sannu da gida, shi ke nan. Matar da ta yi rayuwarta gidanta cike da hayaniya, tana raba faɗa tana haddasa wani, sai ga ta zaune ita da masu karanta labarai. Duk zuwan da na yi sai in ga ta ƙara ƙanƙancewa. Abincin da aka kai mata da rana yana nan a rufe har la'asar. Rannan na tambaye ta ko akwai abin da ke mata ciwo, ta ce babu, bakinta ne kawai ya yi tsatsa. Na yi dariya a gabanta, na fito na yi kuka a mota.

Na ɗauko ta da sunan asibitin da take zuwa ya fi kusa da mu. Gidanmu ƙarami ne, ɗakin da ya rage shi ne wanda maigidan ke aiki a ciki. Muka sa mata gado a jikin taga, teburinsa na can lungu, da yake a gida yake yawancin aikinsa. Kafin ta iso ya ɗauki fulas ya tura shi can ƙarshen kabad ɗin kicin, bayan tukwanen da ba ma amfani da su. Ya ce ko kusa ba zai bari surukarsa ta gan shi yana zance da fulas ba.

Kwanakin farko ɗakin kamar wurin zaman makoki. Ita tana kallon titi ta taga, shi yana kallon allon kwamfuta, kowa na jin nauyin kowa. Aikinsa kuma ya tsaya cak. A lokacin kamfaninsu na yi wa wasu masu motocin bas manhajar sayar da tikiti ta waya, ana ta kawo ƙara. Ina falo ina duba littattafan ɗalibai wata rana da yamma, na ji ya yi ajiyar zuciya ya ce da kansa, "Mutum biyu a kujera ɗaya."

Inna ta ce, "A ina?"

Ya juyo a firgice. "A'a Mama, aiki ne kawai."

"Na ji aiki ne. Su waye, kuma me ya hana ɗaya ya tashi?"

Yunwar magana ta daɗe tana cinsa, sai ya fara. Ya zubo mata kalmomin nan nasu da ko ni mai takardar shaida ban san kansu ba. Inna ta bari ya kai aya ta ce, "Ban gane ba."

Ya sake, a hankali wannan karon, amma da kalmomin dai.

"Ban gane ba. Yi magana irin ta mutane, ɗan nan."

Na leƙo na ga gumi a goshinsa. Fulas bai taɓa yi masa haka ba. Ya duba sama, ya duba ƙasa, can ya ce, "To Mama, ku ɗauka gidan haya ne mai banɗaki ɗaya, ƙofar ba sakata. Wata mata ta zo ta leƙa ta ga ba kowa, ta koma ɗauko bokitinta. Tana juya baya wani mutum ya zo, shi ma ya leƙa ya ga ba kowa, ya koma ɗauko tawul ɗinsa. Kowannensu ya tabbata banɗakin nasa ne, don da idonsa ya gani. Sai suka yi karo a bakin ƙofa."

Inna ta gyara zama. "Yauwa. Sai aka yi yaya?"

"Ai da wanda ya fara leƙawa ya rataya tawul a ƙofar kafin ya tafi, da..."

Bai ƙarasa ba. Bakinsa a buɗe ya juya kujera ya hau dannawa kamar ana binsa. Inna ta jira, ta jira, ta gaji, ta ɗaga murya ta ce da ni, "Mijin nan naki ba ya ƙarasa labari. Amma matar nan mai bokiti, tana da aure kuwa?"

Daga ranar aka buɗe shago. Kullum da hantsi zai juyo da kujera, ita kuma ta sa tabaranta, ko da yake ba abin da za ta karanta. Ba ta taɓa sanin mene ne manhaja ba, kuma ba ta nemi sani ba. Mutanen take bi. Mai Bokiti da Mai Tawul suka zama 'yan gida. Aka samu wani malalacin ɗan aike da in an ce ya je ya dubo ko mota ta cika, sai ya faɗi abin da ya gani jiya don kada ya taka. Aka samu mai gadin da ke tambayar kowa katin shaida har da mai gidan. Duk wata matsala da ta taso a aikinsa sai ya nemo mata mutum da hali, in ba haka ba Inna ta ce ba ta gane ba, ya sake lale. Shawararta kuwa iri ɗaya ce kullum: a kori ɗan aiken, a yi wa Mai Bokiti aure ko ta natsu.

Ya taɓa gaya mini cewa rubutun shi ne ƙaramin aiki. Kwamfuta ba ta da wayo ko na sisi, abin da ka ce shi za ta yi, ko da shirme ne. Wahalar ita ce ka ga siffar matsalar, kuma siffar nan ba ta zuwa da kanta, sai ka ƙago ta. Ya ce da yana tsammanin kalmomin sana'arsu su ne ganewar, ashe wani lokaci mayafi ne da mutum ke lulluɓe rashin ganewarsa. Ni dai abin da na gani shi ne aikinsa ya fara gudu, har abokan aikinsa suka ɗauki sunayen. In abu ya lalace sai ka ji ana cewa a waya, "Mai Bokiti ta dawo fa."

Abin da ya fi wannan a wurina shi ne Inna. Ta fara cinye abincinta har tana cewa gishiri bai ji ba. Ta koma yi wa yara faɗa. Maƙwabciyarmu ta shigo hira, na ji tana gaya mata, "Ni ke ba shi shawara, ba ya yanke komai sai ya zo wurina." Yayana ya kira ya ce yaushe za ta dawo, ta ce ba ta da lokaci yanzu, suna da aiki a gaba.

Sai Dogo ya zo. Abokin aikin maigidan ne, mutumin kirki, amma bakinsa ba shi da birki. Ya durƙusa ya gaida Inna da fara'a, ya ce, "Ashe ku ne kuka gaji fulas! Mama, kun fi shi albarka wallahi."

Inna ta ce, "Wane fulas?"

Ina ta ƙifta masa ido, maigidan na tari, Dogo ko a jikinsa. Ya kwashe labarin kaf yana dariya. Ya ce shi kwalbar ruwa yake yi wa bayani, wani a ofis 'yar tsanar 'yarsa. Ya ce ai sirrin abin shi ne a samu wanda bai san komai ba, wanda zai zauna kawai kamar kujera.

Inna ta yi murmushi, ta sa aka kawo masa ruwa, ta tambayi iyalinsa. Da ya tafi ta ce in ɗauko mata fulas ɗin. Na ce ban san inda yake ba. Ta dube ni irin kallon da take mini ina yarinya, na je na ɗauko. Ta juya shi a hannunta, ta shafa loɓawar.

"Wannan ne?"

Na gyaɗa kai.

"To, ya fi ni ƙiba." Ta miƙa wa maigidan. "Karɓi abokin shawararka, ɗan nan. Ni na riƙa cika baki a gaban mutane ashe gadon fulas nake ci."

A daren ba ta ci komai ba. Washegari ta kira Yayana ta ce ya zo ya ɗauke ta ƙarshen mako. Ta cire tabarau ta sa a jaka, ta mayar da fuskarta taga. Tsoro ya kama ni sosai, don na san ɗakin nan na baya, na kuma san yadda ta fito daga cikinsa. Na roƙe ta, ta ce ba fushi take ba, gidan ɗanta za ta.

Shi kuma ya kwashi kwamfutarsa da fulas ya koma falo. Ga wata sabuwar matsala ta taso, in mutane suka yi yawa sai manhajar ta sandare, ba gaba ba baya. Ina jinsa yana yi wa fulas bayani ƙasa-ƙasa da manyan kalmominsa. Fulas ya yarda da duk abin da aka gaya masa, matsala kuma tana nan daram. Shugabansu na kira, yana cewa ana kai.

Na ce, "Ka bar wannan ka je ka ba ta haƙuri."

Ya ce, "In ta ƙi saurarona fa? In ta yi kuka fa? In na faɗi abin da ya fi na Dogo muni fa?"

Na ce, "In na fasa maka fulas ɗin nan a ka fa?"

Bai je ba sai safiyar da Yaya zai zo. Inna ta shirya tsaf, ta yafa mayafi, jakunkunanta a gabanta. Ya shiga ya zauna a ƙasa kusa da ƙafafunta, ni ina tsaye a ƙofa. Ya fara da cewa abin wata hanya ce sananniya a sana'arsu, ba raini ba ce, masana ma sun yi rubutu a kai. Na rufe ido, don na ga yana ƙara tona ramin. Ya yi ta yi har ya ƙare. Inna na kallon titi. Can, ba tare da ta juyo ba, ta ce, "Ban gane ba."

Ya gyara zama. Na ga gumin nan ya tsatso masa.

"Mama, ku ɗauka tela ne yake da wani mai kawo ɗinki, wanda duk rigar da aka ba shi sai ya ce ta yi. Hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ta yi. Wuya bai shiga kai ba, ta yi. Telan nan zai tsufa bai iya ɗinki ba, yana ganin shi gwani ne. Fulas ke nan. Ku kuwa in rigar ta matse sai ku cillo mini ita a fuska. Shekara da shekaru ina yi wa fulas magana, ko mutum ɗaya bai sa na ƙago ba."

"Ni ma ban haifi Mai Bokiti ba. Kai ka ƙago abarka."

"Don ku na ƙago ta. Da ba ku ce ba ku gane ba, da ba ta zo duniya ba. Kuma ni..." Ya sunkuyar da kai. "Ni ban saba a jira ƙarshen maganata ba. Ɗakin nan zai yi mini faɗi in kun tafi."

Muka ji hon ɗin motar Yaya a waje. Inna ta gyara mayafinta. Ta dubi jakunkuna, ta dubi ƙofa. Sai ta ce, "Yanzu me ya same ta?"

"Wa?"

"Mai Bokiti mana. Na ji kana ta ƙunƙuni a falo."

Ya ja numfashi. Ya ce yanzu gidan bokiti ɗaya ne, sabulu ɗaya. Ita ta riga ta ɗauki bokiti tana jiran sabulu. Mai Tawul ya ɗauki sabulu yana jiran bokiti. Ita ba za ta saki ba sai ya saki, shi ba zai saki ba sai ta saki, layi ya taru a bayansu, gida kaf ba wanda ya yi wanka. Ya ce, "Da an kafa doka cewa kowa bokiti zai fara ɗauka, wanda bai samu bokiti ba kada ya taɓa sabulu, da..."

Ya tsaya, baki a buɗe. Na san fuskar nan. Idonsa ya tafi falo inda kwamfutar take, har gwiwarsa ta motsa. Inna ma ta gani.

"Tashi ka rubuta kafin ya gudu."

Ya mayar da gwiwarsa ƙasa. "Zai jira, Mama. Bari in ƙarasa muku."

Ya kuwa ƙarasa, karo na farko tun da aka fara. Ya kai labarin har inda kowa ya yi wanka, har Mai Tawul ya riƙe wa Mai Bokiti ƙofa. Yaya na ta danna hon. Inna ta zare mayafi ta ninke, ta laluba jaka ta ciro tabaranta.

Ta ce da ni, "Je ki ce wa yayanki ya daina tara mana mutane, ya shigo ya sha shayi. A cikin wancan za ki zuba. Ya yi aikin da aka yi shi dominsa."

Fulas ɗin na kicin yanzu, kuma gaskiya yana riƙe zafi. Dogo in ya zo daga bakin ƙofa yake gaisuwa.

Bayan wani lokaci ina taje wa Inna kai, na ce da ita cikin wasa ai ta kusa zama injiniya. Ta yi tsaki ta ce har yau ba ta san abin da yake yi a cikin akwatin nan ba. Sannan ta rage murya.

"Amma labaran nan nasa, sau da yawa tun karon farko nake ganewa."

"To me ya sa kike ce masa ba ki gane ba?"

"In na ce na gane ai juya mini baya zai yi." Ta kama hannuna da ke riƙe da mataji. "Kada ki gaya masa."

Ban gaya masa ba. Ɗazu da hantsi ina wucewa da kwandon wanki na jiyo ta ta bayan ƙofa tana cewa ba ta gane ba, na kuma ji ƙarar kujerarsa yana jawo ta kusa da gadon.